Abin da na gano a Kremlin, da halin da ganuwar Katsina ke ciki

Assalamu alaikum, Edita.

Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi abin da idona ya gane mini a Mosko, inda na je bikin kammala karatun likita na ƙanena. Shi ya matsa sai mun shiga Kremlin, tsohuwar fadar sarakunan Rasha, wadda har gobe ofishin shugaban ƙasar yana cikinta.

Ganuwa ce ta jan bulo, zagayenta ya haura kilomita 2, da hasumiya 20. Sarki Ivan na Uku ne ya ɗauko magina daga Italiya, suka gina ta tsakanin 1485 da 1495. Tikiti ake yanka a lambun da ke gindinta, a bincike mutum, sannan ya haye gada ya shiga. Ranar Alhamis ba a buɗewa. In ka kauce daga hanyar da aka shata wa baƙi, nan take ɗan sanda zai hura maka usur.

A tsakiya akwai fili da manyan majami'u uku suka kewaye, ƙubbobinsu na ƙyallin zinariya. Na ɗan yi jim a bakin ƙofa, kasancewata Musulmi, amma tarihi ya kai ni, kuma yawanci a matsayin gidajen tarihi ake shigarsu yanzu. Ta Uspenski, wadda aka gama a 1479, nan ake naɗa sarakunansu har zuwa na ƙarshe a 1896; bangonta zane ne tun daga ƙasa har rufi, babu inda za ka aza tafin hannu. A ɗaya kuma kaburburan sarakuna ne jere, kowanne da sunansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata ƙararrawa ce mai nauyin tan 200. Gobarar 1737 ta fasa ta, ba a taɓa kaɗa ta ko sau ɗaya ba. Duk da haka an ɗora ta kan dakali, an jingine ɓallin da ya fita a gefenta, mutane na layin ɗaukar hoto. Fasasshen abu ke nan, Edita, amma ba su yar ba.

Mu fa? A daidai shekarun da ake ɗora bulon Kremlin ne Shehu Magili ya zo ƙasar Hausa, ya shigo Katsina, kuma da wannan zamanin ake danganta hasumiyar Gobarau ta Katsina. Ba mu da ƙarancin tarihi. Amma ina yaro mun hau ganuwa mun yi wasa a wajen Ƙofar Guga. Yau wasu wuraren sai an nuna maka da yatsa an ce nan take. An ɗebe ƙasarta an yi gini, wani wurin ya zama juji. Na san ginin ƙasa ba ya jure damina kamar bulo, shi ya sa kakanninmu suke fita gayya suna yaɓe ta.

Roƙona ga hukuma da masu unguwanni: a killace abin da ya rage, a kafa allo a kowace ƙofa, daga Ƙofar Sauri har Ƙofar Ƙaura, mai bayanin tarihinta da Hausa da Turanci. A koya wa samarinmu zagayawa da baƙi, su samu na kansu, kamar yadda ake yi a rijiyar Kusugu ta Daura. In an kira gayyar yaɓe, ni da 'ya'yana muna sahun gaba.

Naka,
Wani mai karatu daga Ƙofar Guga, Katsina.