Kawuna ya ɗora mini laifin ɓarakar da na gargaɗe shi a kanta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Malam. Ina yi maka fatan alheri tare da iyalinka da abokan aikinka. Na daɗe ina sauraron shirinka, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan rubuto ba, amma abin da ya same ni ranar Litinin da ta gabata ya hana ni barci, kuma babu wanda zan faɗa wa a cikin dangi ba tare da maganar ta koma kunnen wanda nake kuka da shi ba.

A gaban 'yan kwamiti tara na ƙungiyar manoman da nake yi wa aiki, cikinsu har da sa'annin mahaifina, kawuna ya ɗauko wasu takardu ya watsa mini a kan tebur, ya ce in karanta wa jama'a irin aikin da na yi shekara da shekaru ina karɓar albashi a kansa. Takardun rahoto ne na wani mai binciken tsaron kwamfuta da wata cibiyar kuɗi ta turo kafin ta amince ta haɗa hulɗa da ƙungiyarmu. Shafi bayan shafi duk jan layi ne, kuma kawu bai san ma'anar ko ɗaya ba, jan kawai ya gani. Na buɗe baki zan yi bayani ya ce in rufe masa baki, wai ya ɗauko ni ne don zumunci, ga shi zan kunyata shi a idon baƙi.

Ya kamata in koma baya kaɗan. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen noman shinkafa a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ƙungiyoyin manoma suka yawaita, kuma kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana shugabantar ɗaya daga cikinsu, mai mambobi daga nan har ɓangaren Argungu da Jega. A da a manyan littattafai ake rubuta komai, ruwan sama ya taɓa lalata guda biyu. Da na gama karatun kwamfuta, a shekarar 2021, na gina musu manhajar da ke ajiye sunan kowane manomi da hotonsa da lambar wayarsa da NIN da BVN da lambar asusunsa da girman gonarsa da buhunan takin da ya karɓa. Ni kaɗai na yi, da kwamfutata, da datar da nake saya da kuɗina, sau da yawa cikin dare saboda lokacin ne ake samun wuta.

Na saka manhajar ne a cikin abin da muke kira kwantena, ta amfani da Docker. Ka yi haƙuri in yi bayani, domin a nan maganar take. Kwantena kamar akwati ne da ake zuba manhaja tare da duk kayan da take buƙata kafin ta yi aiki, a rufe, a ɗora a kan uwar garke, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta. Ba wanda ke ƙera akwatin daga farko. Akwai tushe da ake ɗaukowa a shirye, cike da ƙananan ƙunshe-ƙunshen manhajoji da wasu suka rubuta, sai mutum ya ɗora nasa aikin a kai. Ni tushen Ubuntu 18.04 na ɗauka, domin da shi na koya, kuma a lokacin ana kula da shi sosai. An fitar da shi a Afrilun 2018, kulawarsa ta kyauta ta shekara biyar ce, ta ƙare a ƙarshen Mayun 2023. Daga nan duk ɓarakar tsaro da aka gano a cikin ƙunshe-ƙunshensa, facinta, wato gyaran da ke toshe ta, ba ya isowa sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin kulawa.

Allah shi ne shaidata, tun kafin wa'adin ya cika na same shi a zaure bayan sallar Magariba na ce masa, Kawu, harsashin da muka yi gini a kansa ya kusa tsufa, ana buƙatar kuɗi da kamar wata guda a sake aikin. Ya tambaye ni ko manhajar ta lalace, na ce a'a. Ya ce to abin da bai lalace ba me za a gyara a cikinsa, ko dai wata hanyar cin kuɗi ce irin ta yaran zamani. Mutumin da a watan nan ya sake wa ofishinsa kujeru da labule, kuma ba ya rasa kuɗin man zuwa Abuja taron da ba a gayyace shi ba. Halinsa ke nan tun muna yara, in abu ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci sai ya waiwayo ya nemi ƙarami.

Na san za ka ce me ya hana in yi aikin ba tare da kuɗinsa ba. Na gwada sau ɗaya. Na canza tushen zuwa Ubuntu 22.04, sai manhajar ta ƙi tashi gaba ɗaya, domin tsohon yana zuwa da PHP 7.2 ne, wato yaren da na rubuta manhajar da shi, sabon kuma da 8.1, ga OpenSSL mai ɓoye sirrin bayanai ma ya koma na 3, abubuwa da yawa da na rubuta sai an sake su. Lokacin rabon takin rani ne, manoma na layi a ƙofar ofis tun da asuba, sai na mayar da tsohon na ce sai bayan girbi. Girbi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Wa zai yi aikin wata guda kyauta alhali albashinsa ma sai ya yi ta bi?

Akwai kuma abin da ban faɗa a wurin taron ba. Duk wata ina sabunta uwar garken kanta, ina ganin faci suna sauka, hankalina a kwance. Na san a karatu cewa wannan ba ya taɓa abin da ke cikin kwantena, domin kayan cikinta suna nan yadda suke ranar da aka rufe ta, sai an sake gina ta daga sabon tushe. Na sani, amma na bar zuciyata ta riƙa gaya mini cewa ai ina yin wani abu. Rabon da in sake gina kwantenar tun farkon 2022, wato har facin da aka fitar kyauta kafin wa'adin ya ƙare ban ɗauka ba. Wannan mai binciken bai rubuta shi a fili ba, ko da yake duk wanda ya san aikin zai gane daga lambobin.

A daren Litinin ɗin na kunna Trivy, manhajar da ke lissafo ɓarakar da aka sani a cikin kwantena, na zauna a tabarma ina kallon jerin yana gangarowa har na daina ƙirgawa. Gaskiya yawancinsu ba abin tashin hankali ba ne, suna cikin kayan da manhajarmu ba ta ko taɓawa, kuma masu irin wannan bincike suna son tara lamba don a ga sun yi aiki. Amma ɗaya ta tsaya mini a rai, wato ɓarakar libwebp, wani ƙunshi mai buɗe hotuna, da aka bayyana a Satumban 2023, wadda ta hanyarta hoton da aka shirya da mugun nufi zai iya ba mai kutse damar sarrafa na'urar da ta buɗe shi. Manhajarmu kuwa hotuna take karɓa kullum, wakilanmu na ƙauyuka suna turo hotunan manoma ta waya, ita kuma tana rage girmansu da kanta.

Na manta ban faɗa maka ba, kuma wataƙila da shi ya kamata in fara: makonni uku da suka wuce wasu manoma biyu daga ɓangaren Argungu sun kawo ƙorafi cewa an kira su a waya, mai kiran ya faɗi cikakken sunansu da yawan buhunan da suka karɓa, sannan ya nemi lambar da za a turo musu. Ɗaya ya bayar, an kwashe masa kuɗin da ya sayar da shinkafarsa. Kawu ya ce aikin yaran gari ne, a bar maganar. Mai yiwuwa ne daga wakilanmu bayanan suka fita, domin su ma suna riƙe da takardu, kuma na duba ban ga alamar an shiga ba, sai dai ban adana tarihin shige da fice na fiye da mako biyu ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce in an san bayanai sun fita ta yadda za su iya cutar da masu su, a sanar da hukuma cikin awa 72. Da na ambata wa kawu wannan a waya shekaranjiya, cewa ya yi in na kuskura na kai maganar waje, in manta da zancen 'yarsa.

Eh, Malam, 'yarsa aka ba ni, an sa rana bayan Babbar Sallah, kuma mahaifiyata ta riga ta fara haɗa lefe. Ita ba ta san komai ba, ta dai lura ba na cin abinci.

Kwamiti zai sake zama ranar Asabar, an ce in zo da bayani a rubuce. In na rubuta cewa na gargaɗe shi ya ƙi, na tozarta kawuna kuma surukina a gaban mutanensa, kuma ba ni da shaida, domin a zaure muka yi maganar mu biyu. In na haɗa da nawa sakacin, shi zai riƙe ya wanke kansa da shi. Gyaran kwantenar zan iya shi cikin mako uku in an bar ni, ba wannan nake tambaya ba. Mutumin nan na Argungu da aka kwashe wa kuɗi, akwai haƙƙinsa a kaina tun da ban tabbatar ta wurina aka shiga ba? Kuma in fara zuwa wurin mahaifiyata ne kafin Asabar, ko in bari sai ta ji daga bakin ƙaninta?

Ina roƙon kada a ambaci sunana a shirin. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
daga Birnin Kebbi.