Ba kowane ɗakin haya ba ne homstey, a daina yi mana rufa-rufa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, don Allah ka ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min rai a harkar yawon buɗe ido, wato yadda masu gidajen kwana suka maƙale wa kalmar nan ta homstey, kowa ya ga dama sai ya manna ta a jikin allonsa ko a shafinsa na intanet, alhali abin da yake sayarwa ko kusa ba shi ba ne.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, asalin homstey shi ne baƙo ya sauka a gidan mutane, gidan da suke zaune a ciki da iyalinsu, a ba shi ɗaki, ya tashi da safe ya gaisa da masu gida, ya ga yadda suke rayuwa, su ma su ɗan samu na kashewa. Mai gida yana nan, wannan shi ne ƙashin bayan abin, in ka cire shi to sauran suna kawai ya rage.

Ni abin ya taɓa faruwa da ni shi ya sa nake maganar da zafi. Na yi wata tafiya na kama masauki ta wata manhaja, an rubuta homstey ɓaro-ɓaro, har da hoton wata tsohuwa tana murmushi a bakin ƙofa da tukwanen fulawa. Na isa da daddare a gajiye, me zan gani, bene hawa huɗu, ƙofofi a jere kowace da lambarta, babu tsohuwa babu fulawa, sai wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango da aka turo min lambar buɗe shi ta waya in ɗauki makulli. Kwana uku na yi a wurin ban ga mai gida ba, wanda na gani kawai wani yaro ne mai shara, da na tambaye shi ina masu gidan sai ya yi dariya ya ce ai shi ma bai taɓa ganinsu ba, manaja ne ke biyansa. Ɗakin fes yake wallahi, ba zan yi musu ƙarya ba, ruwa da wuta duk akwai, amma ba shi na biya kuɗi in saya ba. Da sun rubuta ƙaramin otal da babu wanda zai yi ƙorafi, ni ma da na san abin da zan tarar.

To me ya sa suke yi, kuma me ya sa duk surutun da ake yi ba su dainawa? Ni a ganina magana ta farko ita ce sunan yana kawo kwastoma kuma kyauta ne. Matafiyi na yanzu ya gaji da otal, duk ƙasar da ka je gado iri ɗaya, labule iri ɗaya, murmushin resepshan iri ɗaya, yana son ya koma gida ya ce na zauna da mutanen wurin. Kalmar homstey tana ɗauke da wannan alkawarin, tana ɗauke da aminci, mace mai tafiya ita kaɗai ko iyaye masu tura ɗansu karatu suna jin ta hankalinsu ya kwanta don suna zaton akwai babba a gidan. Wannan amincin kuwa ba mai benen ne ya gina shi ba, iyalai ne suka yi shekaru suna karɓar baƙi tsakani da Allah har sunan ya yi daraja, shi kuma ya zo ya shiga rigar a banza.

Na biyu, kuma nan ne kuɗin yake, gudun doka. Otal yana da lasisi, yana da haraji, ana zuwa duba masa kayan kashe gobara da ƙofar fita ta gaggawa, ana tambayarsa rajistar baƙi, kuɗin wuta da na ruwa ma a wurare da yawa na 'yan kasuwa ake caje shi. Shi kuwa masaukin iyali gwamnatoci da gangan suke sassauta masa don talaka ya ci arziƙin yawon buɗe ido. Ka duba Indiya, a tsarin ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar sharaɗin shi ne mai gida ya kasance yana zaune a gidan kuma ɗakunan haya kada su wuce 6. Wannan sassauci ne da aka yi wa ƙaramin mutum, amma mai jari da ya ga ƙofa a buɗe ai ba zai tsaya yana sallama ba, sai ya gina otal ya sa masa sunan gida, ko ya ajiye wani ɗan uwa a ɗaki ɗaya a ce ga mai gida, ranar da masu dubawa suka zo a nuna musu shi.

Malesiya ma misali ce mai kyau. Tun 1995 gwamnatinsu ta ƙaddamar da shirin homstey a hukumance a ƙauyen Desa Murni da ke Temerloh a jihar Pahang, manufar ita ce mutanen karkara su yi rajista da ma'aikatar yawon buɗe ido, a horar da su, baƙo ya zauna tare da iyali. Amma yau in ka bincika kalmar a ƙasar abin da zai fi fito maka shi ne gida sukutum babu kowa a ciki, ana ba da shi haya na kwana ɗaya ko biyu ga masu biki ko masu hutu, har ta kai mutane da yawa can in sun ce homstey abin da suke nufi ke nan. Ka ga an ci moriyar ganga an yar da kwauronta. Ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ta ASEAN har ma'auni ta fitar na abin da ya cancanci sunan, amma ma'auni a takarda daban, wanda zai bi gida-gida ya tabbatar daban.

Wanda ya kawo ni ga abu na uku, kalmar ba ta da mai gadi. Ba sunan kamfani ba ce da wani zai kai ka kotu in ka yi amfani da ita. A yawancin shafukan kama masauki mai gidan ne da kansa yake zaɓar rukunin da zai sa kansa, ya latsa ya wuce, shi kuma shafin kamashonsa yake ci a kan kowane ɗakin da aka kama, to don me zai matsa wa wanda ke kawo masa kuɗi? Abin dariya ma, ita kanta wannan harkar ta intanet da zama da mai gida ta fara. A 2007 Brian Chesky da Joe Gebbia katifun iska suka shimfiɗa a gidan da suke haya a San Francisco suka sauki baƙi uku lokacin wani taro da otal-otal suka cika, daga nan shafin kama masauki na Airbnb ya samo asali. Yau kuwa a irin waɗannan shafuka za ka ga mutum ɗaya da gidaje goma ko fiye, duk yana kiran kansa mai masaukin baƙi.

Amma fa in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Mu matafiya muna da namu laifin, da baki muna cewa muna son zama da iyali, amma da an ce mana banɗaki na haɗaka ne ko ana rufe ƙofa ƙarfe goma sai mu ɓata rai mu ba wurin maki kaɗan, tauraro biyu kacal, a shafin. Masu benen nan sun karance mu tsaf, sun gane sunan muke so da hoton, jin daɗin kuma na otal, sai suka haɗa mana su. Kuma gaskiya ba dukkansu ne mayaudara ba, wani ya buɗe ido ne ya ga maƙwabtansa duk haka suke rubutawa shi ma ya rubuta, bai ma san kalmar tana da wata ma'ana ta daban ba.

Wanda nake tausayi shi ne mai gida na gaskiya. Na taɓa sauka wurin irinsu, dattijo da matarsa da ɗakuna biyu kacal, ranar da na makara a waje na dawo na tarar da shi zaune a kujera da tocila yana jirana, ya ce ba zai iya barci ba baƙonsa bai shigo ba. Wannan mutumin ba shi da mai ɗaukar hoto, bai iya tallan intanet ba, a jerin sakamakon bincike yana can ƙasa, bene hamsin masu aron sunansa suna samansa. In kuma aka yi gobara ko sata a ɗaya daga cikin na bogin, hukuma ta fusata ta tsaurara doka, shi ne na farko da zai kasa biyan sabbin sharuɗɗan ya rufe.

Ba wai abin ya gagara ba ne. Birnin New York tun Satumbar 2023 ya fara aiki da dokar da ta ce hayar ƙasa da kwana 30 sai mai gida ya yi rajista, yana cikin gidan tare da baƙin, kuma baƙin kada su wuce biyu, sannan aka ɗora wa shafukan intanet nauyin tantance rajistar kafin su karɓi kuɗi. Japan ma a 2018 ta fara aiki da tata dokar da ta taƙaita irin wannan haya zuwa kwana 180 a shekara. Mutum zai iya cewa sun yi tsauri, ni ma akwai inda nake ganin haka, amma darasin da na ɗauka shi ne sai an kama shafin da kuɗin ke bi ta cikinsa, bin masu allo ɗaya bayan ɗaya wahalar banza ce.

Ni ban ce a rufe wa kowa kasuwa ba, mai bene ya ci kasuwarsa Allah ya ba da sa'a, amma ya kira abinsa gidan baƙi ko ƙaramin otal ko gidan haya na kwanaki, ya biya abin da ire-irensa ke biya. Masu karatu kuma da ke shirin tafiya, kafin ku tura kuɗi ku aika saƙo ku tambaya, mai gidan a nan yake kwana, ɗaki nawa ne, wa zai buɗe min ƙofa in na iso? Ni tun daga waccan tafiyar haka nake yi, kuma sau biyu ke nan ina tura tambayar ana karantawa a yi shiru.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu