Monita na da sifika amma shiru, a riƙa gwada direban hoto kafin a ɗora wa wayar HDMI laifi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili a shafinku na kimiyya da fasaha in yi magana kan wata matsala da ke wahalar da masu kwamfuta sosai kuma ba a cika yin bayaninta ba. Mutum zai haɗa kwamfutarsa da monita ko talabijin ta wayar HDMI, hoto ya fito tsaf, amma sauti ko ƙus, ko kuma na'urar tana iya fitar da sauti ta sifika shida amma kwamfuta ta nace biyu kawai ta sani. Nan take sai a ce waya ce ta lalace, a canja waya, a ce monita ce, alhali sau da dama matsalar tana cikin manhajar da ke tuƙa katin hoto, wato direba.

Toh ga yadda abin yake. Kowace monita tana ɗauke da wani ɗan bayani game da kanta da ake kira EDID, ƙungiyar VESA ce ta fito da tsarin tun 1994. Asalinsa bayit 128 ne, sunan monitar da girman hoton da take iya nunawa duk suna ciki. Da HDMI ta zo a 2002 da hoto da sauti a waya ɗaya, sai ya zama bayanin sauti ana saka shi a wani ƙarin bayit 128 na tsarin CEA-861. A nan ne na'urar ke faɗin irin sautin da take karɓa, kowane iri bayit 3 kacal aka ware masa, a ciki za ta ce LPCM ne (sautin da ba a matse ba) ko AC-3 ko DTS (waɗanda aka matse), tashoshi nawa (hanyoyin sauti zuwa sifiku) har zuwa 8, gudun samfuri (sau nawa ake auna sautin a daƙiƙa) daga kilohaz 32 zuwa 192, in LPCM ne kuma bit 16 ko 20 ko 24. Har jerin sifikun da take da su akwai wurinsa daban.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shine ɓangaren sauti na kwamfuta ba ya karanta wannan bayanin da kansa fa. Direban hoto ne ke karantowa, ya tsamo abin da ya shafi sauti, ya shirya shi a wani tsari da ake kira ELD, sannan ya miƙa wa direban sauti. Kaga ɗan aike ne kenan, in ya isar da saƙo ba daidai ba wanda aka aika wa ba shi da yadda zai gane. In ya ce babu sifika to shiru za ka ji, in kuma ya ce monita na karɓar abin da ba ta karɓa sai a tura mata, ka ji ƙara mara daɗi ko ka ji babu komai.

Shi ya sa wallahi nake ganin gwajin wannan wurin ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai isa a ce an jona monita ɗaya an ji kiɗa ya fito shikenan an gama ba. Gwaji na gaske shine a ba direba EDID wanda an riga an san abin da ke ciki, a je a duba ELD ɗin da ya fitar, a kwatanta filla filla. Masu aikin Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin su Windows, suna yin haka, a cikin tarin gwaje-gwajen IGT GPU Tools akwai wanda ke cusa EDID na ƙirƙira ya duba ko bayanin sauti ya isa. Akwai kuma wani ɗan inji mai suna Chamelium da masu ChromeOS na Google suka ƙera, yana shigar burtu kamar shi monita ce, a ba shi duk EDID ɗin da ake so, ya yi kamar an zare waya an mayar, har sautin da aka turo masa yana iya naɗa a duba ko shine aka aika.

Kuma wurin zare waya da mayarwar nan ne ya fi damuna gaskiya, domin direba zai iya yin daidai a farkon kunna kwamfuta, amma a cire talabijin mai tashoshi 8 a jona ƙaramar monita mai 2 sai tsohon bayanin ya maƙale, ko kwamfuta ta yi barci ta farka sauti ya ɓace sai an kashe an kunna. Dole a gwada wannan, a gwada DisplayPort, wata hanyar jona monita, daban da HDMI tunda hanyar karanto bayanin ba ɗaya ba ce, a gwada monitar DVI, tsohuwar hanyar jona monita, wadda ba ta da sauti sam a ga ko direba zai faɗi gaskiya ya ce babu. Su ma masu ƙera monita ba su kuɓuta ba, akwai masu rubuta EDID da kuskure a ciki, to direba mai kyau ya kamata a san me zai yi in ya ci karo da irin wannan, ba ya rikice ba.

Ga mai amfani da Linux abu ne mai sauƙi ya duba da kansa, ya shiga /proc/asound, cikin babban fayil na katin sautinsa zai ga fayiloli masu farawa da eld. In monitor_present ya nuna 1, eld_valid ma 1, to saƙo ya iso, sai ya duba sad_count ya ga iri nawa aka lissafa. In monita na jone tana nuna hoto amma eld_valid ya nuna 0, a nan ya kamata ya fara bincike. Akwai kuma edid-decode da ke fassara EDID ɗin monitar yadda mutum zai iya karantawa, sai ya haɗa biyun ya ga wa ya kauce.

Roƙona edita shine ku sa marubutanku na fasaha su yi cikakken bayani kan wannan da hotuna mataki mataki, har da yadda masu Windows za su duba nasu, kuma duk sanda za ku yi sharhi kan sabuwar monita ko katin hoto ku riƙa faɗa mana ko an gwada sautin bayan zare waya da bayan barcin kwamfuta.

Wassalam,
Wani mai bibiyar shafinku na fasaha