Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Jami'armu: an sayo manhaja, fayil kuwa yana hammatar masinja

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu.

Na so in biyo da wannan magana ta ofis kamar yadda ƙa'ida ta tanada: daga Shugaban Sashe zuwa Shugaban Tsangaya, daga can zuwa Magatakarda, sannan ta iso teburinka. Sai na tuna cewa idan na yi haka za a buɗe mata fayil, kuma a kan abin da ke samun fayil a jami'ar nan nake son yin kuka. Shi ya sa na fito da ita fili.

Ba sai na tuna maka ranar da aka ƙaddamar da manhajar adana takardu ba, kai ka danna maɓallin da hannunka. A babban ɗakin taro ka tsaya ka ce daga ranar babu fayil ɗin da zai sake ɓata, babu ma'aikacin da zai sake bin ofis-ofis yana tambayar inda takardarsa ta kwana, kuma mutum biyar za su iya aiki a kan takarda guda kowa yana zaune a ofishinsa. Muka yi tafi. Ina cikin waɗanda suka fi kowa tafi, domin na yi shekaru ina riƙe da aikin jarrabawa a sashenmu, na san azabar takarda.

To ga yadda muke aiki yau, ko da ba a gaya maka ba. Mutum zai rubuta takarda a kwamfuta, ya ɗora ta a manhaja kamar yadda aka umarta. Daga nan sai ya buga ta kwafi uku, ya sa hannu da biro, ya nemi hatimi, ya miƙa wa masinja. Ofishin kuɗi ba ya kallon abin da ke allo. Ofishin Magatakarda ma haka. Kwamitoci kuwa ba a ma zancensu, sai an jibge wa kowane memba tari a gabansa kafin a fara zama. Da can aiki ɗaya muke yi, yanzu biyu, kuma na takardar ne kaɗai ake lissafawa. In wannan ne ci gaban da aka yi mana alkawari, ranka ya daɗe, ai gara a mayar mana da ci bayanmu, ya fi sauƙi.

Bara na nemi ƙarin girma. Na ɗora komai a manhaja kafin wa'adi ya cika: takardun shaida, maƙalun da na wallafa, rahoton Shugaban Sashe. Na kuma haɗa na takarda a jan fayil na miƙa. Kwamiti ya zauna ya tashi, sunana bai fito ba. Da na je bin sawu aka ce ba a ga fayil ɗina ba. A littafin tsangaya an rubuta ya fita, a littafin ofishin da zai karɓa ba a rubuta ya shigo ba, tsakanin ofisoshin biyu kuma tafiyar da ba ta kai minti biyar ba ce. Na buɗe kwamfutata a kan teburin akawun, na juya masa allon, na nuna masa takarduna reras, ga rana ga lokacin da aka ɗora kowace. Dattijon ya gyara tabarau ya duba da kyau, ya ce, "Malam, wallahi na gani. Amma ba wannan aka ce mu kai wa kwamiti ba."

Ban iya ce masa komai ba, don gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya taɓa ba shi umarni a rubuce cewa abin da ke cikin manhaja shi ne takardar jami'a. In ya kai, wani ya yi ƙorafi, shi za a tuhuma. Shekara guda ta tafi a kan ƙarin girmana, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Nan ne gizo ke saƙar. Kullum aka tayar da maganar sai a jingina laifin ga intanet, ko wuta, ko a ce tsofaffin ma'aikata ba su iya kwamfuta ba. Duk akwai su, ban musa ba. Amma tsohon akawun da ake cewa bai iya ba, da wayarsa yake tura wa 'ya'yansa kuɗi. Abin da babu shi ne takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannunka, da amincewar Majalisar Jami'a, da ke cewa daga rana kaza amincewar da aka yi a cikin manhaja ita ce amincewa, kwafin da ke ciki shi ne na asali. An sayo inji, an manta da doka. Ƙa'idar duniya ta kula da takardun aiki, ISO 15489, wadda ta fara fita a 2001, abu huɗu take nema ga takarda: a tabbatar ta gaske ce, a iya dogara da abin da ke cikinta, a ce ba a taɓa ta ba bayan an kammala, a kuma iya samo ta a yi amfani da ita. Ba ta ce sai an buga a farar takarda ba. Jan fayil ɗina ya faɗi a sharaɗi na huɗu. Wanda ke manhaja ya cika duka huɗun, shi kuma aka ƙi kallo.

Sakamakon jarrabawa ya fi ba ni tsoro. Tunda an san na manhaja ba shi ne abin dogaro ba, malamai sun koma tura maki ta WhatsApp da imel da filas. A ƙarshen zango za ka tarar da kwas ɗaya yana da kwafi huɗu a kwamfutata: "sakamako", "sakamako gyararre", "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske". Na taɓa ganin ɗalibi da maki 47 a kwafi ɗaya, 74 a wani. Yatsa ne ya zame ko hannu ne ya shiga? Sai da muka kwana biyu muna tonon takardun amsa a sito kafin mu gane. Alhali manhajar da ka saya, babban amfaninta ke nan: kwafi guda ne, duk wanda ya canja ko da lamba ɗaya za ta rubuta sunansa da lokacin, ta ajiye yadda takardar take kafin ya taɓa, kuma wanda ba a ba izini ba ko buɗewa ba zai iya ba.

Bari in faɗi abin da ake faɗa a ɗakin malamai ba a faɗa a gabanka. Akwai waɗanda wannan rubuta suna da lokaci ne ba sa so. Fayil na takarda yana iya yin wata uku a durowa ba wanda ya san a durowar wa yake, sai mai shi ya zo ya yi gaisuwa ya rusuna. A manhaja kowa na ganin a teburin wa takarda ta tsaya, kwana nawa ta yi. Ban ce su ne suka fi yawa ba. Amma muddin ka bar ƙofar takarda a buɗe, su ne suka ci riba.

Kar kuma a zo maka da shawarar a sayo wata sabuwa, na ji an fara raɗe-raɗin. Wannan fasaha ba jiya aka haife ta ba. SharePoint na Microsoft tun 2001 yake, DSpace da jami'o'i ke adana bincikensu a ciki ya fito daga jami'ar MIT ta Amurka a 2002, Alfresco a 2005, Nextcloud a 2016. Ko wacce ka kawo, in akawu zai ce ba ita aka ce ya kai wa kwamiti ba, an gudu ba a tsira ba.

Masu cewa takarda ta fi aminci suna da 'yar hujja, ba zan raina ta ba. A Disambar 2019 masu kutse sun kulle kwamfutocin Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, sai da ta biya fansa. A Disambar 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta yi asarar bayanai kimanin terabait 77 saboda kuskure a manhajar da ke yi musu kwafin ajiya. Darasin da ke ciki shi ne a yi ajiya yadda ya kamata: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wajen harabar jami'a, a kuma riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci. Ina roƙonka ka tambayi sashen kwamfuta yaushe rabon da su gwada. Su kuma masoya takarda, a kai su siton da ke bayan ofishin jarrabawa su ga aikin gara da yoyon rufi.

Akwai sauran ƙananan abubuwa. Tsofaffin takardun da aka yi wa sikanin hotuna ne kawai, sunayensu lambobi, ba a bi su da manhajar da ke karanta rubutu ba, don haka ba ka iya neman sunan ɗalibi a ciki. Ga tsarin PDF/A da aka fitar tun 2005 don ajiya mai tsawo, ban ga an yi amfani da shi ba. Bitar da aka yi mana ta yini ɗaya ce, rabinta jawabai. A wasu ofisoshin mutum shida ke shiga da kalmar sirri ɗaya, an manna ta a jikin allo. Waɗannan duk masu gyaruwa ne.

Abin da nake roƙo bai fi shafi ɗaya ba, kuma ba ya bukatar kwangila. Ka sa rana. Ka fara da abu uku, neman hutu da ƙarin girma da sakamakon jarrabawa, ka ce daga ranar ba ofishin da zai karɓi ɗayansu a takarda. Ka kuma fara da teburinka, don Allah. Ranar da Magatakarda ya shigo maka da jan fayil ka ce ya koma ya turo ta manhaja, kafin la'asar labari ya kai kowace tsangaya.

Na sake neman ƙarin girma bana, na kuma haɗa jan fayil, wannan karon da kaina na raka masinja. Wannan wasiƙa ma na ɗora kwafinta a manhaja, a akwatin ofishinka. Idan aka buɗe za ta nuna mini rana da lokaci, ina nan ina dubawa.

Naka,
Wani malami, jami'in jarrabawa a ɗaya daga cikin sassanka.