Wasiƙa daga Detroit, a kan wata tsohuwar Mustang

Zuwa ga aminina Alhaji Sabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da yaran gareji. Ya jikin Hajiya Babba? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ya fara leƙowa.

Na ga saƙonka a kan hoton da na turo. Wai mutum ya ƙetare teku don ya je ya kwanta ƙarƙashin motar da ko 'yan gwangwan sai sun yi shawara kafin su taya. To mutumina, gyara zama ka ji.

Mustang ce ƙirar 1966. Tana cikin zuriyar motocin da Amurkawa suka haukace a kansu daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970: a samu bodi mai ƙofa biyu, a cusa masa ƙaton inji mai silinda takwas, a sayar wa samari da rahusa. Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe fagen da inji mai lita 6.4, a watan Afrilun shekarar kuma Ford ta fito da Mustang. Camaro ta Chevrolet ƙirar 1967 ta biyo baya. Ana cikin haka Dodge ta sa wa Charger injin Hemi mai ƙarfin doki 425, Chevrolet ta kai Chevelle ta 1970 har 450. Daga nan kamfanonin inshora suka tsauwala wa samari kuɗi, dokar hayaƙi ta 1970 ta matsa wa injinan, takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 ya zo ya rufe kasuwar.

Duk wanda ya shigo garejin nan bonet yake fara buɗewa. Ni kuwa tunda na leƙa ƙarƙashinta inji ya fita daga raina. Ƙasan Mustang na Falcon ne, wata ƙaramar motar kai yara makaranta, aka ɗora masa bodi mai kyan gani da inji mai lita 4.7. Birkin diram ne a duk ƙafafu huɗu. Ingarman doki ne aka yi wa linzami da zaren ɗinki. Mai motar, wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar motoci, ya zo da maganar a ƙara wa injin ƙarfi, ni da ogana muka ce masa a'a, sai an gama da ƙasa tukuna.

Tsatsa muka fara yaƙa. A nan jihohin arewa gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, shi ke cinye mota daga ciki, shi ya sa ake rububin bodin da ya fito daga Arizona ko Kalifoniya. Ita kuma Mustang ba ta da shasi dabam wanda za ka ɗage bodi daga kansa, bodin ne da kansa yake ɗauke da nauyi. In daɓen ya ruɓe, ƙashin bayan motar ne ya ruɓe. Ruwan ta ramin iskar da ke gaban gilashi yake shiga, ya sauka kan daɓe shekara da shekaru. Kafin mu yanke ko taku ɗaya sai da muka yi wa bakin ƙofofi walda da ƙarafan tokare, don in ka yanke ba tokare bodin zai saki, ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba har abada. Da muka sa sabon daɓe sai muka kawo dogayen ƙarfe biyu muka haɗe ƙashin gaba da na baya, waɗanda kamfani ya bari a rabe. A cikin ɗakin inji kuma muka tokare gidajen shokazoba, don su ne ke tsagewa suna lanƙwasowa ciki. In bodi yana murɗewa, ko shokazoban zinariya ka sa asarar kuɗi ce.

Birki ne ya fi tayar mini da hankali. Masta ɗin 1966, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu, ɗaki ɗaya gare shi. Fayif ɗaya ya tsage, mai ya zube, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa, ba gaba ba baya. Sai a ƙirar 1967 suka koma mai ɗaki biyu, wanda ya raba gaba da baya. Shi muka sa, muka sake fayif duka, muka mayar da gaba birkin faifai. Masu ƙaramin ƙarfi a nan sun daɗe suna ciro kayan gaban Ford Granada ta Amurka, ƙirar 1975 zuwa 1980, su ɗaura wa Mustang, amma yanzu akwai kamfanoni irin su Wilwood da ke sayar da saiti sabo. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su sa faifai a gaba su manta da bawul ɗin da ke rage matsin mai zuwa baya. Ranar da aka taka birki da ƙarfi, ƙafafun baya su riga kamewa, mota ta juya da mai ita. Kuma babban faifai ba ya shiga wili mai inci 14, sai ka sayi manyan wili, motar ta tashi daga kamanninta. Mu matsakaici muka zaɓa.

Kai da ka girma a kan Fijo, ka san cewa 504 da ta fito a Faransa a 1968 da birkin faifai ta zo a ƙafafu huɗu? Ba ta da rabin ƙarfin waɗannan, amma wajen tsayawa ba sa ganin ƙurarta.

A sifirin da shokazoba, gyaran da ya fi burge ni shi ne wanda kusan bai ci ko sisi ba. Yadda kamfani ya kafa hannun sama na ƙafar gaba, in mota ta shiga kwana tayar waje sai ta kwanta waje, gefenta kaɗai ke taka kwalta. Wani injiniyan Ford, Klaus Arning, ya gano cewa in aka huda sababbin ramuka aka sauke hannun da inci ɗaya, tayar za ta zauna daram. Carroll Shelby, mai haɗa motocin tsere, ya yi haka a Mustang GT350 ɗinsa ta 1965, har yau kuwa ana yi. Ramuka huɗu ne kawai, amma sitiyari sai ya zama na wata motar. Saitin ƙafa ma ba a bin littafin da, don tayoyin zamanin can ba irin na yanzu ba ne. A baya mun bar mata sifirin ɗin faranti, sababbi dai. Bushin kuwa, wato zobban da ke zama a mahaɗar ƙarafan ƙafa, na roba na sa a mafi yawan wurare. Masu tauri na zamani suna riƙe mota, amma ga ƙara ga jijjiga, dattijo ba zai gode maka ba.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a nan. Wasu sun ce ko noti ɗaya kada a canza, lambar inji ta dace da ta bodi, shi ne motar ke tsada a gwanjo. In Shelby ce ta ainihi ko Charger mai Hemi, ina tare da su, a bar ta yadda take. Amma Mustang ta 1966 Ford ta ƙera fiye da 600,000, kuma wannan, mai ita jikokinsa zai riƙa ɗauka a ciki. Duk abin da muka cire mun zuba masa a kwali mun rubuta suna, wanda ya gaje ta in yana so ya mayar. Burinsa mu gama kafin Agusta, ya shiga jerin gwanon tsofaffin motoci da ake yi a titin Woodward duk shekara tun 1995. Injin dai har yanzu ko filogi ba mu taɓa ba.

Wata alfarma nake nema. In ka ci karo da 504 salun haɗin Kaduna wadda bodinta bai ruɓe ba, ko injin ya mutu, ka leƙa daɓenta da gidajen shokazoba ka turo mini hoto da farashi. In ta yi, sai a ajiye mini ita a garejinka har in zo hutu, in Allah ya yarda.

Ka gaida Hajiya Babba da uwargida da yara, da duk mutanen majalisa.

Naka,
Ɗanjuma