Wasiƙa: A koya wa masu zanen gini nemo abu a cikin zane, ba jan layi kawai ba

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in taɓo wata magana da na san wasu za su ce ai wannan ba abin rubuto wasiƙa ba ne, amma mu da muke cin abinci da zanen gini a kwamfuta mun san irin lokacin da take cinye mana. Maganar nemo abu ce a cikin zane, wato ƙofa ko taga ko soket ko wani rubutu da aka manna a jikin fulan (taswirar ginin), a manhajoji irin su AutoCAD da Revit da ArchiCAD. Yaran da ake turo mana ofis neman sanin makamar aiki wallahi sun iya zane, wani ma hannunsa ya fi namu sauri, amma ka ce masa nemo min duk inda aka rubuta D3, wato lambar wata ƙofa, a fayil ɗin nan sai ka ga ya kama linzami yana zuƙowa yana turawa, yana bin bene bene da ido, kamar mai neman allura a cikin rairayi, alhali manhajar tana da abin da zai yi masa aikin kafin ya ajiye kofin shayinsa.

AutoCAD dai tun 1982 kamfanin Autodesk ya fito da ita, kuma har yau ita ce uwa a yawancin ofisoshinmu. A cikinta in ka rubuta FIND ka danna enta, wani akwati zai buɗe, ka sa rubutun da kake nema, ta jero maka duk wuraren da yake, ko a rubutu ne zalla ko a cikin awo ko a tebur ko a bayanin da ke maƙale da bulok (wato layukan da aka haɗe suka zama abu guda mai suna, kamar ƙofa ko soket), ka taɓa ɗaya ta kai ka wajen kai tsaye. Tana ma iya canja su gaba ɗaya a lokaci guda. Toh a nan ne ake yin ɓarna, don in mai gida ya ce a mayar da ƙofofin D1 su koma D5, kai kuma ka danna canja duka ba ka sa alamar nan da ke cewa cikakkiyar kalma kawai ba, to D10 ta zama D50, D11 ta zama D51, D12 ma haka, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba tunda abin da ka ce ta yi shi ta yi. Na ga zanen da aka buga a haka aka kai wa kafinta, mutumin ya zo yana tambayar ina jadawalin D51 shi bai gan shi ba, aka yi ta kallon kallo.

In kuma ba rubutu kake nema ba, abu ne, akwai QSELECT, ka ce mata zaɓo min duk bulok mai suna kaza ko duk layin da ke kan leya kaza, leya kuwa ita ce rukunin da ake ware abubuwa iri ɗaya a cikin zane. Akwai SELECTSIMILAR, ka taɓa ɗaya ta kwaso 'yan uwansa. Daga sigar 2022 ma sun ƙara COUNT da ke ƙirga bulok ta faɗa maka adadi. A Revit, wadda Autodesk ɗin ta saya a 2002, kowane abu a cikin gini yana da lambarsa, in ta yi maka gargaɗi cewa bango biyu sun hau kan juna tana ba ka lambar, ka sa ta a Select by ID ta nuna maka bangon. ArchiCAD ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari tana da Find & Select. Duk suna nan, ba a biyan ko sisi a kansu daban.

Amma Edita ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Manhaja ba ta san ƙofa ba, suna ta sani. Abin da ba a raɗa masa suna ba babu mai nemo shi. Sai a turo maka fayil daga wani ofis ka buɗe ka tarar an zuba komai a kan leya 0, bango da rodi da wayar wuta da rubutu duk wuri ɗaya, ko kuma Layer1, Layer2 har zuwa ashirin da wani abu ba wanda ya san me ke cikin wace. Ka duba jerin bulok ka ga sunaye masu farawa da A$C da tarkacen lambobi a baya, wannan sunan da manhajar ke ƙirƙira ne da kanta in mutum ya kwafo abu ya manna shi a matsayin bulok bai damu ya canja ba. Yanzu fisabilillahi a cikin irin waɗannan wanne ne masai, wanne ne fanka? RENAME kawai zai rubuta ya gyara, minti nawa ne. 'Yan manhajar Blender ma masu yin hoton gida mai kyau don nuna wa mai kuɗi haka suke, Cube.001, Cube.002 har ɗari da wani abu, ga akwatin bincike a Outliner, wato jerin sunayen abubuwan da ke cikin hoton, yana zaune ba amfani, ga F2 na canja suna, ga Ctrl da F2 na canja da yawa lokaci guda.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne masu fasa abu. Wani da gangan yake fasa duk bulok ɗin da ke cikin zane da EXPLODE kafin ya tura, wai don kar a sace masa aiki. Da an fasa, ƙofa ta daina zama ƙofa, ta koma layuka da ɗan baka, lambar da aka rubuta a jikinta ma ta gudu sai sunan gurbin ya rage, alhali da ya yi amfani da BURST da lambar ta tsaya. Wani har rubutun yake fasawa da TXTEXP, ido yana ganin kalmar KITCHEN ɓaro ɓaro amma FIND ta ce babu, don a wajenta zane ne ba haruffa ba. Haka in aka shigo da PDF, wanda AutoCAD ta fara karɓa a matsayin zane tun sigar 2017, rubutun da aka yi da irin haruffan SHX, wato salon haruffan AutoCAD na asali, layuka yake zuwa, sai an bi shi da PDFSHXTEXT kafin ya dawo rubutu, shi ma ba kullum yake dacewa ba. Ɓarawon da ake gudu kuwa in ya so sake zanawa zai yi a dare ɗaya, wanda aka wahalar shi ne injiniyan wuta da mai ƙididdigar kaya da za su zauna suna ƙirga soket da yatsa. In suka tsallake biyar a bene na biyu, kuɗin ya fito ba daidai ba, a tsakiyar aiki ɗan kwangila ya dawo yana neman ƙari, mai gida ya ce an cuce shi, rigima ta tashi a kan abin da tun daga kan kibod aka ɓata shi.

Akwai kuma wata da ta shafe mu mu kaɗai. Wasunmu sun fara rubuta sunayen ɗakuna da Hausa saboda magina su gane, ni kam ina goyon baya. Sai dai wani ya rubuta ɗaki, wani daki, wani d'aki a cikin fayil guda, a wajen manhaja kuwa abubuwa uku ne daban. Tsofaffin haruffan SHX irin su txt da romans ma ba su da masu lanƙwasa, alamar tambaya suke nunawa a madadinsu. Dabarar ita ce a kunna zaɓin alamomin cike gurbi a cikin FIND a rubuta *aki, tauraron zai tsaya a madadin ko me ke gaba, duka ukun su fito, koda yake zai haɗo maka da baki in akwai falon baƙi da aka rubuta ba lanƙwasa. Mafi sauƙi dai ofis ya tsayar da salo ɗaya kowa ya bi.

Roƙona ga malamanmu na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, da hukumar NBTE da ke Kaduna mai kula da manhajar karatun kwalejojin, da masu cibiyoyin koyar da kwamfuta na cikin gari: a riƙa karɓar fayil ɗin ɗalibi ba takardar da ya buga kaɗai ba. Takarda ba ta nuna ko leya ɗaya ya zuba komai. Malam ya buɗe fayil a gabansa ya ce fito min da duk tagogin bene na ɗaya, faɗa min nawa ne, in ya yi cikin minti ɗaya ya ci maki, in ya fara zuƙo allo yana ƙirgawa da baki a rage masa. Su kuma masu ba da aikin zane, musamman na rukunin gidaje da makarantu da asibitoci inda ƙofa iri ɗaya ke maimaituwa sau ɗari, su sa a cikin yarjejeniya cewa za a miƙa fayil da leya masu suna da bulok da ba a fasa ba, kuma kafin a biya cikon kuɗi a sa wani ya buɗe ya gwada.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai zanen gini, daga Kaduna