Wasiƙar Godiya ga Masu Gyaran Tsofaffin Zane-zane na Birnin Firenze

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Opificio delle Pietre Dure,
Firenze, ƙasar Italiya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Sannunku da aiki.

Na zaɓi in rubuto muku a fili ne, inda kowa zai karanta, domin irin sana'arku idan ta yi kyau ba a ganinta. Jama'a kan yi cincirindo a gidan tarihi na Uffizi, su tsaya gaban aikin Leonardo da Vinci da na Raphael, su ɗauki hoto da waya, su fita suna jinjina wa mutanen da suka rasu shekara 500 da suka wuce. Da wuya ka ji wani ya tambayi wane ne ya sa zanen ya kawo yau. Ni malamin zane ne, da alli da burushi nake cin abinci, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ku yi mini uzuri in gabatar da ku ga 'yan'uwana masu karatu, waɗanda da yawansu ƙungiyar ƙwallo ta Fiorentina ce kaɗai abin da suka sani game da garinku. Sarki Ferdinando na Ɗaya, na gidan Medici, shi ya kafa wannan ma'aikata a 1588 don a riƙa yanka duwatsu masu launi ana haɗa su kamar zane. Daga baya ta koma gidan jinyar kayan fasaha, tana ƙarƙashin gwamnatin Italiya, tana kuma da makarantar horar da masu gyara.

Zanen da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na Leonardo, wanda ke nuna masanan gabas sun zo gaishe da Annabi Isa yana jariri a hannun Nana Maryam. Ni Musulmi ne, abin da ke cikin hoton ba hanyar ibadata ba ce. Idon mai sana'a na kai masa. 'Yan zuhudun gidan San Donato a Scopeto ne suka ba shi aikin a 1481, shi kuwa ya tattara ya tafi Milan a 1482 ya bar shi rabi da rabi. Shekaru suka yi ta tafiya, masu kula da shi suna ta shafa masa man ƙyalli, wani kan wani, har ya rine ya koma ruwan ƙasa mai duhu. An daɗe ana gardama a kan ko a taɓa shi ko a ƙyale shi, kuma masu tsoron ba su yi laifi ba, don an sha ganin zanen da mai gyara ya kashe. Kun karɓe shi a ƙarshen 2011, ba ku mayar da shi Uffizi ba sai 2017. Kafin wani ya ɗora masa audugar gogewa, sai da kuka daɗe kuna bincikensa da na'urori, har da irin wadda ake ɗaukar hoton ƙashi da ita a asibiti, kuka kuma duba lafiyar allunan katako 10 da aka haɗa aka yi zanen a kai.

Da na tsaya gabansa, sai na ga yadda mutumin yake tunani. Can baya ga dawakai suna artabu, ga magina a kan matakalar wani rusasshen gini suna ta aiki. Wani dokin ma za ka ga an ja kansa a nan, aka sake ra'ayi aka ja shi a can, duka layukan suna nan. Fuskokin tsofaffin da suka kewaye uwar da ɗanta suna fitowa daga duhu a hankali, babu layin da ya raba haske da inuwa, salon da daga baya ya yi suna da shi. Matakalar kuwa an auna ta da lissafi, kowane layi yana gangarawa zuwa ɗigo guda, dabarar nuna nisa da zurfi da Brunelleschi ya gwada a garin nan, Alberti ya rubuta ƙa'idarta a 1435. Duk wannan darasi ne da nake fama in fahimtar da ɗalibai da baki, ga shi a shimfiɗe.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku ƙarasa masa ba. Inda ya tsaya, nan kuka tsaya. A wajenmu idan aka ce a gyara tsohon gini, sau da yawa siminti ake yaɓa masa a bi da fenti mai sheƙi, a wayi gari tsohon ya tafi, sabon kuma ba a san sunansa ba. Ku ƙa'idarku ita ce duk abin da kuka ƙara ya zama wanda za a iya cirewa gobe, kuma wanda ya matso kusa ya gane cewa wannan ciko ne. Shi ya sa a yawancin ayyukanku, inda launi ya zube, kuke cike gurbin da 'yan siraran layuka jere da juna: daga nesa ido ya haɗa su, daga kusa su faɗi gaskiya. Wannan riƙon amana ne.

Haka kuka yi wa zanen Raphael mai ɗan tsuntsu, wanda ya yi wa abokinsa Lorenzo Nasi a matsayin gudummawar aure wajen 1506. A 1547 ƙasa ta zaftare, gidan Nasi ya rushe, allon ya tarwatse gida 17. Mutanen wancan lokaci suka harhaɗa shi da ƙusoshi, suka shafe tabon da fenti. Shekara 10 kuka yi a kansa, kuka gama a 2008, sai ga shuɗin mayafin Nana Maryam da ke cikin zanen ya dawo. Shuɗin nan daga wani dutse ake niƙo shi, wanda ake haƙowa a Badakhshan ta Afghanistan, kuma tsadarsa ta sa a wancan zamani har a takardar yarjejeniya akan rubuta shi.

Na san ba a banza kuka ƙware ba. Ranar 4 ga Nuwamba 1966 kogin Arno ya yi ambaliya, ruwa da laka da baƙin man ɗumama gidaje suka mamaye gari. Gicciyen da Cimabue ya zana a cocin Santa Croce ya rasa kusan kashi 60 cikin 100 na launinsa. Babban zanen Vasari na jibin ƙarshe, wato cin abincin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, ya sha ruwa har aka fid da rai da shi, aka lulluɓe shi da takarda don kada launin ya zube, ya yi shekaru a ajiye. A 2016, shekara 50 cif bayan ambaliyar, kuka mayar da shi mazauninsa. Wanda ya fara ceto shi daban, wanda ya ƙarasa daban.

Ƙofar tagulla mai ruwan zinariya ta Lorenzo Ghiberti ma, wadda ya yi daga 1425 zuwa 1452, ta bi ta hannunku, kun wanke ta har da hasken leza, aka fito da ita a 2012. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa Ghibertin nan, da ya zo rubutu a kan yadda ido yake gani, daga ilimin Ibn al-Haisam, wani masani Musulmi na zamanin da, ya ɗebo da yawa. Sai ka ga sun gyara zama.

Godiya ta musamman ga masu kula da ɗan gidan tarihinku na titin Via degli Alfani. Taku kaɗan ne daga inda ake dogon layi don ganin mutum-mutumin Dauda na Michelangelo, amma ku wajenku tsit. A saman bene na tarar da tsofaffin teburan aiki, da ɗaruruwan samfurin duwatsu jere a bango. Na tsaya ina juya wani abu mai kama da baka, an ɗaure masa siririyar waya a maimakon tsirkiya. Wata ma'aikaciya ta lura da ni, ta zo ta kwatanta mini da hannu, tunda ba ma jin yaren juna sosai, yadda ake shafa wa wayar jiƙaƙƙen gari mai kaushi ana goga ta a jikin dutse har ta yanka shi daidai da siffar ganye. Ba ta yi gaggawa ba, ba ta kuma nuna ta gaji da tambayoyina ba. Don Allah a isar mata da gaisuwata.

Allah Ya ƙara basira, Ya kiyaye garinku daga sharrin ruwa.

Naku mai fatan alheri,
Wani malamin zane daga Zariya